Sauya Foldar Tushe ta Sabar Yanar Gizo

Kowace sabar yanar gizo tana da folda guda da take ɗauka a matsayin mafarin duk abin da za ta miƙa wa masu ziyara, ita ce foldar tushe. Idan burauza ta nemi adireshin da ya ƙare da /labarai/yau.html, sabar ba ta bin kwamfutar lungu-lungu tana neman fayil mai wannan suna. Guntun adireshin take ɗauka ta liƙa shi a bayan hanyar foldar tushe. In tushen /var/www/html ne, fayil ɗin da za ta buɗe shi ne /var/www/html/labarai/yau.html. In yana nan kuma tana da ikon karanta shi, sai ta aika da shi. In babu shi, ta mayar da lambar kuskure 404. In kuwa yana nan amma an hana ta taɓa shi, ko an hana ta bayar da shi, lambar da mai ziyara zai gani ita ce 403.

Wannan tsari tsoho ne. Sabar farko, wadda Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar CERN a 1990, fayilolin da ke kan kwamfuta take ɗauka ta miƙa bisa adireshin da aka nema. Sabar NCSA da ta biyo baya ita ce ta yi amfani da umarnin DocumentRoot wajen bayyana tushen, Apache kuma da ta fito a 1995 ta gaji sunan daga gare ta, har yau ba ta sauya shi ba. Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, tana kiran nata umarnin root, IIS ta kamfanin Microsoft kuma tana da gurbin da ake rubuta hanyar foldar a cikin saitin kowane shafi. Suna ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Abin da ya ba wannan folda muhimmanci shi ne cewa iyaka ce. Matsayinta kamar na zaure ne a gidan Bahaushe: baƙo yana iya shiga ya ga duk abin da aka ajiye a ciki, amma ba shi da hurumin wuce shi zuwa cikin gida. Duk fayil ɗin da ke ƙarƙashin foldar tushe, kowa a duniya zai iya nemansa muddin ya san sunansa ko ya cinka daidai. Duk wanda ke wajenta bai kamata a iya kaiwa gare shi ta adireshi ba. Saboda haka mai sauya tushen ba wurin ajiya kaɗai yake sauyawa ba, yana sake shata layin da ya raba abin da aka fitar fili da abin da aka killace. Mafi yawan ɓarnar da ake tafkawa a wannan aiki daga mantawa da hakan take tasowa.

Inda tushen yake tun asali ya danganta da tsarin da aka girka. A Debian da Ubuntu, Apache tana zuwa da /var/www/html. A da /var/www ce kai tsaye, sai aka ƙara html daga Ubuntu 14.04 da Debian 8. Dangin Red Hat, wato Fedora da Rocky Linux da AlmaLinux da makamantansu, su ma /var/www/html suke amfani da ita. Wanda ya haɗa Apache da kansa daga asalin lambobinta zai tarar da tushen a /usr/local/apache2/htdocs. Ƙunshin Nginx na masu ita yana nuna /usr/share/nginx/html. A Windows, IIS tana farawa da C:\inetpub\wwwroot, XAMPP kuma da ɗalibai da masu koyon gina shafi suka fi girkawa tana da C:\xampp\htdocs. A hayar sabar haɗaka mai cPanel, foldar public_html ce.

Dalilan sauyawa ba su da yawa, kuma sanannu ne. Ɓangaren faifan da /var take kai yana iya cika, musamman a shafin da ake loda masa hotuna da bidiyo kullum, sai a sayo wani faifan a mayar da shafin can. Mai gina shafi yana iya son aikinsa ya zauna inda zai riƙa gyara shi ba tare da neman ikon shugaban kwamfuta a kowane lokaci ba. Sabar guda tana iya ɗaukar shafuka da dama, kowane da tasa foldar. Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi, wato tsarin ginin manhajojin zamani. Laravel da Symfony, alal misali, suna da ƙaramar folda mai suna public a cikin babbar foldar aikin, kuma ita kaɗai aka tsara a nuna wa duniya. Sauran kayan, har da fayil ɗin .env da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, suna zaune ne a mataki ɗaya sama da ita. Wanda ya nuna wa sabar babbar foldar maimakon public ya ajiye wannan fayil a inda kowa zai iya sauke shi da adireshi ɗaya, kuma akwai na'urorin da ba su da wani aiki dare da rana sai zagaya intanet suna neman .env da foldar .git a kowane shafi. Apache tana zuwa da ƙa'idar ɓoye fayilolin da sunansu ya fara da .ht kawai, ba ta ɓoye .env ko .git sai an umarce ta.

Kafin a taɓa saiti, sai an zaɓi sabon mazauni. Ƙa'idar tsara foldojin Linux ta ware /srv domin bayanan da kwamfuta ke miƙa wa wasu, tun bugunta na 2004, don haka hanya irin /srv/jarida/www zaɓi ne mai kyau. Ƙirƙirar sabuwar folda a ƙarƙashin /var/www, kamar /var/www/jarida, ya fi kowane sauƙi, domin izinin da ake buƙata duk an riga an bayar a can. Foldar gidan mai amfani, wato abin da ke ƙarƙashin /home, ita ce ta fi jan hankalin masu koyo kuma ita ce ta fi ba da wahala, saboda an gina ta ne don ta zama ta mutum ɗaya. Daga Ubuntu 21.04 ana ƙirƙirar sababbin foldojin gida da izinin 750, wanda ya hana sauran masu amfani shiga, har da sabar. In foldar gidan a rufe take da makullin sirri, ba za ta ma buɗe ba sai mai ita ya shiga asusunsa. Faifan da aka tsara da NTFS ko FAT shi ma yana da nasa cikas, don ba ya riƙe izinin fayiloli irin na Linux. A wurin ɗaura shi ake yanke wa duk abin da ke ciki izini ɗaya. Faifai na biyu kowane iri ne, wajibi ne a rubuta shi a /etc/fstab, in ba haka ba ranar da kwamfutar ta sake tashi sabar za ta tarar da folda fayau babu komai a ciki.

Kwashe fayilolin ya fi kyau a yi shi da kwafi, a bar tsofaffin a wurinsu har sai sabon tushen ya tabbata. Umarnin da aka fi dogara da shi shi ne rsync -a /var/www/html/ /srv/jarida/www/ wanda ke riƙe izini da lokutan fayiloli. Karkataccen layin da ke ƙarshen hanya ta farko yana da ma'ana: da shi, abin da ke cikin foldar ake kwafa, babu shi, foldar html kanta za ta koma cikin sabuwar, shafin ya nutse mataki ɗaya ƙasa da inda ake zato. Masu amfani da cp tare da alamar tauraro suna faɗa wa wani ramin daban, domin tauraron ba ya ɗaukar fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo. Ta haka ake barin .htaccess a baya, shafin farko ya buɗe lafiya, sauran duk su koma 404.

A Apache ta Debian da Ubuntu, layin da ake nema yana cikin /etc/apache2/sites-available/000-default.conf, ko fayil ɗin shafin da ake magana a kai in an ƙirƙiri nasa. A dangin Red Hat yana cikin /etc/httpd/conf/httpd.conf ko wani fayil a /etc/httpd/conf.d. Gyaran kansa layi ɗaya ne:

DocumentRoot /srv/jarida/www

Ana rubuta cikakkiyar hanya, ba a sa karkataccen layi a ƙarshe, in kuma akwai sarari a sunan wata folda sai a kewaye hanyar da alamar zance. Abin da ake yawan mantawa shi ne shafi ɗaya yakan kasance da sashe biyu a saiti: ɗaya na tashar 80 mai HTTP, ɗaya na tashar 443 mai HTTPS. Na biyun yakan zauna a wani fayil daban, kamar default-ssl.conf, ko wanda Certbot, manhajar karɓo takardar shaidar HTTPS, ta ƙirƙira mai ƙarewa da -le-ssl.conf. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya zai ga sabon shafi a wani adireshin, tsoho a wani, kuma tun da yawancin masu ziyara ta HTTPS suke shigowa, tsohon za su ci gaba da gani. Umarnin apachectl -S yana jero dukkan shafukan da sabar ta sani da fayil ɗin da kowane ya fito, kuma shi ne hanya mafi sauri ta gano sashen da ke amsa wane adireshi.

Da gyaran layin DocumentRoot kaɗai, mafi yawan lokuta sakamakon 403 ne, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Kafin fayil ya isa ga mai ziyara sai ya wuce shinge uku, kowane da mai tsaronsa, kuma babu wanda ke karɓar izinin ɗan'uwansa.

Shingen farko na Apache ne da kanta. Umarnin DocumentRoot yana faɗin inda fayiloli suke ne kawai, ba ya ba da izinin miƙa su. Izinin yana fitowa daga sashen Directory. A fayil ɗin /etc/apache2/apache2.conf na Debian akwai sashe na farko da ya shafi dukkan faifan, ɗauke da Require all denied, wato an haramta komai. Bayansa aka buɗe wurare biyu kacal, /usr/share da /var/www, da Require all granted. Akwai ma sashen /srv da aka rubuta aka kashe shi da alamar sharhi, yana jiran mai buƙata. Sabon tushe da ke wajen waɗannan yana buƙatar nasa sashen Directory mai ɗauke da cikakkiyar hanyarsa da Require all granted. A cikin wannan sashe ne kuma ake yanke shawara kan abu biyu. Na ɗaya AllowOverride, wanda in an bar shi a None, Apache ba za ta ko duba .htaccess ba, alhali WordPress da ire-irenta sun dogara da shi wajen sarrafa adireshi. Na biyu zaɓin Indexes, wanda ke sa sabar ta jero duk abin da ke cikin folda in babu fayil ɗin index a ciki. A shafin da ke fili, kashe shi ya fi.

Akwai tsofaffin jagorori da yawa da har yanzu ke koyar da Order allow,deny da Allow from all. Wannan salon Apache 2.2 ne. Tun fitowar 2.4 a 2012 aka maye gurbinsa da Require, kuma ko da yake akwai wani ƙari mai suna mod_access_compat da ke sa tsohon salon ya yi aiki, cakuɗa su biyun a saiti ɗaya yana haifar da sakamakon da ke da wuyar hasashe. Gara a tsaya a kan sabon.

Kuskure mafi muni a wannan shinge shi ne mutum ya gaji da ganin 403, ya je sashen farko da ya shafi dukkan faifan ya mayar da denied ɗinsa granted. Shafin zai buɗe nan take, shi ya sa dabarar ke yaɗuwa. Illarta ta fito fili a Oktoban 2021, lokacin da aka gano wata ɓaraka a Apache 2.4.49 mai lamba CVE-2021-41773. Ɓarakar ta ba maharin damar rubuta adireshi ta yadda zai haura sama ya fice daga foldojin da aka keɓe, ya karanta fayilolin kwamfutar. Gyaran da aka yi a 2.4.50 bai toshe ta duka ba, sai a 2.4.51. Abin lura shi ne sanarwar Apache ta bayyana cewa harin yana cin nasara ne a inda fayilolin da ke waje ba su da kariyar Require all denied. Sabobin da suka bar wannan layi yadda yake sun tsira duk da suna ɗauke da ɓarakar. Waɗanda suka buɗe shi don neman sauƙi su ne suka shiga hannu. Ƙa'idar da ta dace ita ce a bar haramcin a kan komai, a buɗe sabuwar foldar ita kaɗai.

Shinge na biyu na Linux ne. Sabar ba da sunan shugaban kwamfuta take karanta fayiloli ba. Tana da nata ƙaramin asusu, www-data a Debian da Ubuntu, apache ko nginx a dangin Red Hat. Wannan asusu yana buƙatar izinin karanta kowane fayil, sannan yana buƙatar izinin ratsa kowace folda da ke kan hanya tun daga saman faifan har zuwa inda fayil ɗin yake. Sharaɗi na biyun ne ke ruɗa mutane. Fayilolin da ke /home/wani/shafi suna iya kasancewa da izini daidai, foldar shafi ma haka, amma in /home/wani a rufe take, sabar ba ta da hanyar isa. Umarnin namei -l tare da cikakkiyar hanyar fayil yana nuna izinin kowane mataki a jere, nan da nan a ga inda aka toshe. Abin da aka saba shi ne 755 ga foldoji da 644 ga fayiloli, mallakarsu kuma tana hannun asusun mai kula da shafin, ba na sabar ba. Ikon rubutu ana ba sabar ne a wuraren da dole sai ta rubuta, kamar wp-content/uploads a WordPress ko storage a Laravel.

Shawarar chmod -R 777 da ake yawan bayarwa gyaran gangar Auzinawa ce. Tana ba kowane asusu da ke kwamfutar ikon sauya kowane fayil na shafin, ta yadda ƙaramar ɓaraka a wata manhaja guda za ta isa a dasa muguwar lamba a ko'ina. Sau da yawa ma ba ta magance matsalar, tun da toshewar tana wata folda ta sama ne ko tana wani shingen daban.

Shinge na uku ya fi shafar dangin Red Hat, inda SELinux ke aiki tun daga girkawa. SELinux, wadda hukumar tsaron Amurka ta NSA ta fara fitarwa a 2000, tana liƙa wa kowane fayil lakabi, tana kuma ƙayyade irin lakabin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, ko da izinin Linux ya yarda. Sabar yanar gizo tana karanta fayilolin da ke da lakabin httpd_sys_content_t, tana rubutu a masu httpd_sys_rw_content_t. Duk abin da aka ƙirƙira a /var/www yana samun lakabin da kansa. Sabuwar folda a wani wurin ba lallai ta samu ba, kuma ga wani abin da ke ɓoye: mv yana tafiya da fayil da tsohon lakabinsa, cp kuwa yana ba kwafin lakabin wurin da ya sauka. Fayil ɗin da aka rubuta a foldar gida aka tura shi da mv ko da cikin /var/www/html ne, zai ƙi buɗewa. Gyaran dindindin mataki biyu ne: a rubuta ƙa'idar da semanage fcontext, ana nuna lakabin da sabuwar hanyar, sannan a aiwatar da ita da restorecon -Rv a kan foldar. Umarnin chcon yana sauya lakabi nan take, amma sauyin yana gushewa duk ranar da aka sake liƙa wa faifan lakabi. Ana ganin lakabin fayil da ls -Z, ana kuma samun bayanin abin da aka hana a /var/log/audit/audit.log. Sassauta SELinux na ɗan lokaci da setenforce 0 hanya ce mai kyau ta gane ko ita ce ta hana. Barin ta a haka bayan an gane daidai yake da cire shingen gaba ɗaya saboda folda guda.

Tun da shingayen uku duk 403 suke nunawa a burauza, kundin kurakurai ne ke bambanta su. Yana /var/log/apache2/error.log a Debian, /var/log/httpd/error_log a Red Hat. Saƙo mai lamba AH01630 yana nufin saitin Apache ne ya hana, wato sashen Directory. Mai lamba AH00035 yana nufin an kasa ratsa wata folda a kan hanya, wato izinin Linux, ko SELinux in izinin ya nuna daidai. Minti ɗaya na karanta kundin ya fi awa guda ta gwaje-gwaje a makance.

Nginx ta fi sauƙi ta wata fuska, ta fi haɗari ta wata. Ba ta da shingen Directory: duk abin da ke ƙarƙashin root kuma asusunta zai iya karantawa, za ta miƙa shi, har da fayilolin da suka fara da ɗigo, sai an rubuta ƙa'idar hanawa. Ba ta kuma karanta .htaccess ko kaɗan. Ana rubuta root /srv/jarida/www; a cikin sashen server, kuma nan ne ya fi dacewa da shi, domin dukkan sassan location su gaje shi. Wanda ya warwatsa root a cikin kowane location zai sauya wasu ya manta wasu. Akwai umarni na biyu mai kama da shi, alias, da ake yawan rikita su. A sashen location /hotuna/, in aka rubuta root /srv/ajiya, neman /hotuna/a.jpg zai kai ga /srv/ajiya/hotuna/a.jpg, domin root yana liƙa dukkan adireshin ne. In alias /srv/ajiya/ aka rubuta, zai kai ga /srv/ajiya/a.jpg, domin alias yana maye gurbin guntun da ya dace da location. Akwai sanannen rami a nan: in aka rubuta location /hotuna babu karkataccen layi a ƙarshe alhali alias yana da shi, mai neman /hotuna../ zai iya haurawa foldar da ke sama. Dole su biyun su yi daidai.

Shafin PHP a Nginx yana da ƙarin abin dubawa. Nginx ba ta gudanar da PHP da kanta, tana miƙa wa PHP-FPM hanyar fayil ɗin ne ta layin SCRIPT_FILENAME. In an gina layin da $document_root, zai bi sabon tushen da kansa. In kuwa wani ya taɓa rubuta tsohuwar hanyar da hannu a wurin, hotuna za su fito daga sabuwar foldar, PHP kuma ta ci gaba da gudana daga tsohuwar, ko ta ce ba ta ga fayil ba. PHP-FPM tana da nata asusun, shi ma yana buƙatar izinin shiga sabon wurin, kuma in an saita open_basedir dole a ƙara sabuwar hanyar a ciki.

A Windows abin bai kai haka tsawo ba. A XAMPP, fayil ɗin C:\xampp\apache\conf\httpd.conf yana da layin DocumentRoot da sashen Directory a jere, ana sauya su tare, ana rubuta hanyar da karkataccen layi irin na Linux kamar D:/ayyuka/shafi, sannan a sake tayar da Apache daga allon sarrafawa. Sashen HTTPS yana cikin httpd-ssl.conf da nasa layin daban. A IIS ana sauya hanyar a saitin shafin, a ba rukunin IIS_IUSRS da asusun IUSR izinin karanta sabuwar foldar. Rashin hakan ne ke jawo kuskuren 401.3 ko 500.19. Mai hayar sabar haɗaka ba shi da ikon taɓa babban saiti, sai abin da allon kamfanin hayar ya ba shi dama.

Ba kullum ne sai an sauya saitin sabar ba. Ana iya barin tushen a inda yake a mayar da shi mahaɗin alama da ke nuna sabon wurin, wanda ake yi da ln -s, muddin FollowSymLinks a kunne yake. Izinin Linux da lakabin SELinux na ainihin wurin suna nan daram sai an gyara su. Ana iya kuma ɗaura sabuwar foldar a kan tsohuwar hanyar da mount --bind, yadda sabar ba za ta ma san an sauya komai ba. Wannan ya dace da wanda matsalarsa cikar faifai ce kawai. Manyan shafuka suna amfani da mahaɗin alama ta wata hanya mai hikima: tushen yana nuna mahaɗi mai suna current, kowane sabon bugu na shafin yana sauka a tasa foldar, sai a juya mahaɗin in an gama, a mayar da shi baya in an ga matsala. Kayan aiki irin Capistrano a kan wannan tsari aka gina su. A Nginx akan haɗa shi da $realpath_root domin kada ma'ajiyar OPcache ta PHP ta ci gaba da gudanar da tsohon bugu. Wanda kuma burinsa ƙara shafi na biyu ne, bai kamata ya taɓa tushen na farko ba. Sabon sashen VirtualHost ko server yake buƙata.

Kafin sauyin ya fara aiki ana gwada saitin da apachectl configtest ko nginx -t. In ya wuce, systemctl reload ya fi restart, domin yana loda sabon saitin ba tare da yanke masu ziyarar da ke kan shafin ba. Gwajin saiti yana duba rubutu ne kawai, bai san komai game da izini ba, kuma a Apache in foldar da aka rubuta a cikin VirtualHost babu ita, gargaɗi kawai zai bayar mai lamba AH00112 ya wuce. Tabbacin gaskiya shi ne a ajiye ɗan fayil mai suna na musamman a sabon tushen kaɗai, a neme shi da curl ta HTTP da HTTPS duka. Burauza ba abin dogaro ba ce a nan, don takan nuna abin da ta adana a baya. Gwaji na biyu, wanda aka fi tsallakewa, shi ne neman abin da bai kamata ya fito ba: /.env, /.git/config, tsohon kwafin rumbun bayanai, da folda marar index. Kowane ɗayansu ya kamata ya dawo da 403 ko 404.

Ko bayan shafin ya buɗe, akwai wasu ayyukan da ke riƙe da tsohuwar hanyar ba tare da sun yi ƙara ba. Takardar shaidar HTTPS ta Let's Encrypt, wadda aka saba bayarwa ta kwana 90, in an karɓe ta da salon webroot, Certbot tana ajiye fayil ɗin tantancewa ne a foldar .well-known/acme-challenge ta tushen da ta sani, kuma wannan hanya a rubuce take a /etc/letsencrypt/renewal. In ba a gyara ta ba, sabuntawa za ta riƙa faɗuwa a ɓoye, sai bayan makonni burauza ta fara gargaɗin masu ziyara, lokacin an manta da batun sauya folda. Tun 2025 kuma Let's Encrypt ta daina aika saƙon imel na tunatarwa kan ƙarewar takarda. Umarnin certbot renew --dry-run yana fallasa matsalar tun ranar farko. Haka ayyukan cron da ke kiran fayilolin shafin da cikakkiyar hanya, da manhajojin da suka adana hanyar a saitinsu ko a rumbun bayanai. Mafi tsada a cikinsu shi ne tsarin ajiyar kwafin kariya: zai ci gaba da kwafe tsohuwar foldar kowane dare yana ba da rahoton nasara, alhali sababbin fayiloli suna taruwa a inda ba ya dubawa. Binciken tsohuwar hanyar da grep -r a cikin /etc da jadawalin cron yana fito da yawancinsu.

Tsohuwar foldar ba a barin ta har abada. Bayan sabon tushen ya yi kwanaki yana aiki, an gwada sabunta takardar shaida, an kuma tabbatar kwafin kariya yana ɗaukar sabon wurin, sai a sauya mata suna tukuna a ga ko wani abu zai tsaya, daga baya a goge ta tare da sashen Directory ɗin da aka buɗe mata in nata ne ita kaɗai. Tsohon kwafin shafi da aka bari a inda sabar ke iya kaiwa ba ya samun sabuntawar tsaro, kuma duk wata ɓaraka da aka toshe a sabon tana nan a buɗe a cikinsa.